Babi na 6: Yadda Ganye Yake Ruɓewa Ya Zama Taki

Darasi na 1

'Yan uwa, a karanta a hankali, babu mai korarku. Ganye ba ya ruɓewa da kansa, akwai masu cinsa: gara, tana, da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su kuwa sai da danshi suke aiki.

A dajin Kuros Riba ruwan shekara yana wuce milimita 2,000, ganyen da ya faɗi kan zama ƙasa cikin 'yan watanni. Mu nan Sakkwato da wuya namu ya kai 800, kuma daga Yuni zuwa Satumba ne. Shi ya sa ganyen dogon yaro da ya zuba da hunturu yake nan ƙamas har bazara.

Ƙasa ma da nata. Itacen da ya samu ƙasa mai ƙarfi, ganyensa na ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, wato abincin shuka, masu ci sun fi sonsa. Ganyen gawo da harawar wake suna saurin ruɓewa, na mangwaro da karan dawa sai an haɗa musu da kashin awaki.

Darasi na 2

Haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa. Zuba ganye, bi shi da kashin dabbobi, yayyafa ruwa. Sake wani ganyen a kai, sake yayyafawa.

Nan ne ake faɗuwa. Yayyafawa na ce, ba kwarara ba. Ɗebi cikin hannu, ka matse. In ya watse, ya bushe, ƙara ruwa kaɗan. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, iska ba za ta shiga ba, sai wari. In ya dunƙule, tafin hannu ya yi laima, madalla, ka iya.

Sake matsewa. Kada ka ji kunya, kowa haka ya fara. Bayan kwana uku, matse kuma.

Haba jama'a! Kullum ina faɗa, amma sai in tarar da rami ya zama tabki, wani kuma ya bushe ƙayau tun ranar da aka haƙa shi. Ido ba ya auna danshi. Sa hannu, ka matse.

Darasi na 3

Duk mako biyu a juya da shebur, na ƙasa ya dawo sama. A matse.

Darasi na 4

In ya yi baƙi, ba a gane ganyen, a kai gona.