Darasi na 9: In Giyar Bayan Keke Ta Ƙi Shiga

Wata rana da la'asar wani ɗalibin ajinmu, dattijo mai ɗauko albasa daga fadamar Kwalkwalawa zuwa cikin garin Sakkwato, ya iso yana tura kekensa, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "Malam, wanga keke ya ishe ni. Tun sahe shika kuka, sarƙa na ta tsalle." Na ce, "Baba, mi kat taɓa?" Ya nuna mini 'yan notuka biyu a bayan keken ya ce su ya yi ta murɗawa. To, a nan aka yi kuskuren. Da farko ƙura ce kawai ta cika masa wayar giya, amma da ya murɗa notukan nan sai ciwo ɗaya ya zama biyu.

Kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh da Phoenix, yawancinsu giya ɗaya ce da su, ba su da wannan rigima. Na yanzu kuwa, musamman na gwanjo, za ka ga faranti 6 ko 7 jere a ƙafar baya. Suna da daɗin hawa in an ɗora kaya, sai dai suna son a san halinsu.

Mu san sunayen kayan

Ka tsuguna a bayan kekenka ta hannun dama. Farantan nan masu haƙora da ke jere daga babba zuwa ƙarami, su ne firiwil. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa, da 'yan tayoyi biyu da sarƙa ke bi ta jikinsu. A wannan darasi za mu kira shi jagora, tun da shi ke kai sarƙa daga faranti zuwa faranti. Jagora yana rataye ne a jikin wani ɗan kunnen ƙarfe, shi ne maratayi. Sai waya, wadda ta taso daga madannin giya da ke kusa da hannunka, ta bi ta cikin baƙar rigarta har ta iso jagora. A daidai inda ta shiga akwai ɗan mamurɗi mai kama da ƙaramar ganga, wanda ake juyawa da yatsu.

Aikin duk bai wuce ja-in-ja ba. Waya tana jan jagora ciki, wajen manyan faranti. Sifirin da ke cikin jagora kuma yana mayar da shi waje, wajen ƙananan. In ka dubi lambobin da ke kan madanni, 1 ita ce babban faranti, ta hawan tudu da ɗaukar kaya. Lamba ta ƙarshe, 6 ko 7, ita ce ƙaramin faranti, ta gudu a kan kwalta.

Ido kafin sufana

Ka sami igiya ka rataye sirdin keken a reshen dogonyaro, yadda ƙafar baya za ta bar ƙasa. Haka za ka iya juya feda da hannu ɗaya kana danna giya da ɗayan. Kada ka sa yatsa tsakanin sarƙa da haƙora in ƙafa na juyawa.

Fara duba ko ƙafar baya ta zauna daidai a mazauninta, notukanta a ɗaure. Bayan an yi faci a kan mayar da ita a karkace, giya ta rikice, mutum ya yi ta neman laifi a inda babu shi.

Sai ka koma bayan keken sosai, ka rufe ido ɗaya kamar magini yana duba gini. 'Yan tayoyin jagora su biyu ya kamata su sauko sambal a ƙarƙashin farantin da sarƙa take kai. In ka ga ta ƙasan ta leƙa ciki wajen wayoyin ƙafa, maratayi ya lanƙwashe. Wannan ciwo ya yi yawa a wurinmu, kuma dalilinsa a fili yake: a jingine keke a ƙofar masallaci iska ta kayar da shi ta dama, ko a rataya buhun albasa ko jarkar ruwa ta danne jagora. Muddin maratayi a karkace yake, duk murɗe-murɗen da za ka yi aikin banza ne, za ka gyara giya 2 ka ɓata giya 5. In na baƙin ƙarfe ne, mai gyara zai miƙe maka shi. In na gorar ruwa ne, wato farin ƙarfen nan mara nauyi, a bi shi a hankali domin karyewa yake yi in an matsa masa. Kada ka kama jagoran kansa ka banƙare shi da hannu.

Ƙura da baƙin mai

Kowa ya san hunturun Sakkwato. Ka share keke da safe, kafin azahar ya yi fari fat. Da yawa daga cikinmu kuma tsohon baƙin man inji muke kwarara wa sarƙa, don shi ne a kusa kuma ba a saye. Man nan da ƙura in suka haɗu sai su zama kamar kwaɓin siminti, su yi ta cin haƙora a hankali.

Ka zuba ɗan kalanzir a gwangwani, ka sami tsohon buroshin haƙori da tsumma. Goge sarƙa, goge tsakanin faranti, ka kankare dattin da ya daskare a jikin 'yan tayoyin nan da tsinke. Sau da yawa za ka tarar da leda ko zaren buhu ya nannaɗe a wurin. In sarƙa ta bushe, ka ɗiga mai mara kauri, ko da na keken ɗinki ne, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka share na waje da tsumma. Na cikin gaɓa shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

Waya, inda yawancin ciwon yake

A nan nake so mu daɗe, don cikin kekunan da ake kawowa ajin nan, mafi yawa a nan gyaransu ke ƙarewa.

Danna giya har lamba ta ƙarshe, sarƙa ta sauka a ƙaramin faranti. Juya feda, ka danna sau ɗaya. Dannawa ɗaya, faranti ɗaya, haka ƙa'idar take. In sarƙa ta tsaya tana ƙarar kar-kar-kar ta ƙi hawa na gaba, waya ta saki. Ka murɗa mamurɗi waje, kamar kana buɗe murfin kwalba, rubu'in zagaye kawai. Sake gwadawa. In ba ta hau ba ka ƙara wani rubu'in. Ka riƙa ƙirgawa da baki, don in ka wuce gona da iri ka san hanyar komawa.

In kuwa tana hawa da sauri amma tana nawar saukowa, ko tana goga jikin farantin da ke sama da ita, waya ta yi tauri da yawa. Sai ka murɗa mamurɗi ciki, kamar kana rufe kwalbar. In ka dace za ka ji ƙarar ta ɗauke ɗif, sai sautin sarƙa kawai.

Akwai keken da za ka ga yana nawa wajen hawa, yana nawa wajen sauka, ka murɗa nan ka murɗa can bai canja ba. Wannan wayarsa ce ta cije a cikin riga, saboda ƙura ko tsatsar damina. Kwance notin da ya danne bakin waya, ka zare ta, ka goge, ka shafa mata ɗan mai. In ka ga silinta ya fara tsinkewa, ko rigar ta tsage ko ta karye a lanƙwasa, sayo sabuwa. Waya ba ta da tsada in aka kwatanta da jagora. Ka lura da bakinta, tana soke yatsa kamar ƙaya. Wajen mayarwa, madanni ya kasance a lamba ta ƙarshe, sarƙa a ƙaramin faranti, ka ja wayar da filaya daidai wa daida, ka ɗaure. Sabuwar waya takan ɗan saki bayan 'yan kwanaki, sai ka ƙara mata rubu'i ɗaya ko biyu.

Harufa biyu: H da L

Yanzu mun zo kan notukan da Baba ya murɗa. Goge wurin da kyau, za ka ga harafi a gefen kowane. Ga inda karatunmu ya yi rana. Ka riƙe su haka: H, hanzari, shi ke tsaron ƙaramin faranti. L, lallaɓawa, shi ke tsaron babba. Su ba sa canja giya, iyaka kawai suke yi wa jagora, kamar shingen gona.

Ba a taɓa su sai sarƙa tana faɗuwa, ko ta ƙi kaiwa farantin ƙarshe bayan waya ta daidaita. In tana zamewa waje ta maƙale tsakanin ƙaramin faranti da jikin keke, ɗaure H kaɗan. In ta ƙi sauka ƙaramin, sassauta H. In tana tsallake babban faranti ta faɗa cikin wayoyin ƙafa, ɗaure L, kuma kada ka hau keken sai ka gyara, domin jagora na iya shiga cikin ƙafa ya karye, kai ma ka sha ƙasa. In ta ƙi hawa babban, sassauta L kaɗan-kaɗan. Akwai noti na uku a sama, kusa da maratayi. Shi tazarar da ke tsakanin 'yar taya ta sama da babban faranti yake gyarawa, kamar milimita 5 zuwa 6. In ba gogar juna suke yi ba, bar shi.

In sarƙa ta tsufa

Wani lokaci giya na shiga lafiya, amma da ka taka da ƙarfi sai feda ta zame. Juya feda baya a hankali kana kallon 'yan tayoyi. In wata gaɓa ta zo ta yi tsalle, ta ƙage ne, sa mata mai ka lanƙwasa ta gefe da gefe. In babu, ɗauko rula. Daga ƙusar sarƙa zuwa ta gaba rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa inci 12 kan faɗa daidai kan ƙusa. In ƙusar ta wuce da milimita 1 da rabi, canja sarƙa. In ta kai milimita 3, ta riga ta cinye firiwil, sai a canja su tare. Wajen saye ka faɗa wa mai shago faranti nawa ne a kekenka. Sarƙar keke mai giya ɗaya ta fi faɗi, ba za ta zauna ba.

Wajen hawa kuma, ba a canja giya keke na tsaye, ba a canjawa an miƙe a kan feda. Ka canja tun kafin ka kai tudu, ƙafarka na juyawa a sassauce.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: sarƙa, waya, jagora, maratayi, firiwil. Ƙirga farantan kekenka ko na maƙwabcinka, ka rubuta adadin da lamba. Nemo H da L a jikin jagora, ka zana su yadda ka gan su, wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa. Ranar darasi na gaba mai keke ya zo da shi, da tsumma, da igiyar ratayewa.