Yadda jama'a ke neman a sake gina ginin da aka rusa

Ranar 11 ga Satumba 2001 aka kai hari da jiragen sama kan tagwayen benayen World Trade Center a birnin New York, kowannensu mai hawa 110. Suka zube, mutum sama da 2,700 suka rasu a wurin. Ba a jima ba mutanen gari suka kafa ƙungiyoyi suna kiran a mayar da benayen biyu yadda suke. Sun tara sa hannu, sun shiga gidajen rediyo da talabijin, wani injiniya mai suna Kenneth Gardner ya fito da zanen sababbin tagwaye, Donald Trump ma ya mara masa baya a 2005. Duk da haka ba a gina tagwayen ba. Bene guda mai suna One World Trade Center, mai tsawon mita 541, shi aka buɗe a wurin a 2014.

Mu a Yamai ba mu da benaye irin waɗannan, amma mun san zafin rasa wurin da gari ke taƙama da shi. Gobara ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012, ba ta koma yadda take ba. Ko hari ne, ko wuta, ko ambaliya, hanyar da jama'a za su bi kusan ɗaya ce, kuma abin da ya kayar da masu son tagwaye shi zai iya kayar da mu.

Kafin a kira taro ko a buga takarda, a gano mai filin. A New York filin na hukumar tashoshin jiragen New York da New Jersey ne, kuma a watan Yulin 2001 ta ba ɗan kasuwa Larry Silverstein hayar wurin ta shekara 99. Shi ke da haƙƙin sake gini, kuɗin inshora kuma, sama da dala biliyan 4, ta hannunsa suka bi. Gwamnan jihar New York na lokacin, George Pataki, shi ke da babbar murya a hukumar da aka kafa don tsara wurin. Masu neman tagwaye suna da jama'a, amma ba su da ko ɗaya cikin waɗannan ukun. Don haka ku tura mutum biyu ma'aikatar magajin gari da ofishin filaye su dawo da amsar tambaya uku: sunan wa ke kan takardar mallakar filin, akwai wanda ke riƙe da haya ko kwangila a kansa, kuma ginin yana da inshora? Wanda sunansa ya fito, shi za ku yi ta bi. Wasiƙa ɗari ga wanda ba shi da iko kan filin ba ta ɗora bulo ko guda.

A makon farko a tattara shaidar yadda ginin yake. A ɗauki hoton kowace kusurwa kafin motar kwasar ɓaraguzai ta shigo, a auna tsawo da faɗin harsashi, a nemi tsofaffin hotuna a hannun masu ɗaukar hoto da gidajen da ke kewaye, a tambayi inda zanen ginin na asali yake. A zauna da tsofaffin maginan da suka yi aikin, a naɗi maganarsu a waya. A Timbuktu, bayan masu ɗauke da makamai sun rusa hubbaren waliyyai a 2012, maginan garin ne suka sake gina 14 daga ciki zuwa 2015 da taimakon UNESCO. Abin ya yiwu ne don sanin aikin yana kan magina, ga kuma tsofaffin hotuna.

In an yi asarar rai, iyalan mamatan su ne farkon waɗanda za a je wa, da gaisuwar ta'aziyya, ba da takardar sa hannu ba. A New York iyalai da yawa ba su yarda a gina komai a kan gurbin benayen biyu ba, domin nan ne ƴan uwansu suka cika, wasu ma ba a samu gawarsu ba. Maganarsu ta yi nauyi: gurbin nan biyu yau tafkunan tunawa ne masu sunayen mamatan, an buɗe su a 2011. A ganinmu wannan shi ne babban abin da masu neman tagwaye ba su warware ba tun farko. Ku je da limami ko fasto da mai unguwa, ku saurara, ku ba su kujera a kwamiti da cikakkiyar murya.

Buƙatarku ta zama ɗaya, wadda za a iya faɗa cikin numfashi ɗaya. “A sake gina kasuwar a filinta, kowane mai rumfa ya koma rumfarsa” buƙata ce da hukuma za ta iya cewa e ko a'a a kanta. Waɗanda suka ci nasara a New York masu ƙaramar buƙata ne bayyananniya. Wasu sun dage a adana matakalar da mutane suka bi suka tsira, aka adana ta, tana cikin gidan tarihin wurin. Wasu iyalan sun ƙi wata cibiya da aka so kafawa kusa da wurin tunawa, gwamna ya janye ta a 2005.

Kwamiti kada ya wuce mutum tara ko sha ɗaya, da mata a ciki, da wakilin ƴan kasuwa, da matasan fada, da wanda ya iya rubutun Faransanci na ofis. A yi wa ƙungiyar rajista, domin banki ba ya buɗa wa taron jama'a asusu sai da takarda. Ƴan siyasa su zo su taimaka, amma kada a ba su shugabanci. Ranar da aka ce tafiyar ta wani ɓangare ce, rabin unguwa ya janye. Taron fili kuma a sanar da hukuma tun da wuri.

Takardar sa hannu ta ƙunshi suna, unguwa, lambar waya, da sa hannu ko dangwale. Layi 25 a shafi ya isa, buƙatar kuma a rubuce a saman kowane shafi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kada wani ya ce bai san abin da ya sa wa hannu ba. A kai kwafi, a riƙe na asali, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan wasiƙar rakiya. Bayan mako biyu a koma. Saƙon WhatsApp yana tara mutane, amma ba ya shiga fayil.

Lokaci shi ne abin da aka fi sakaci da shi. A watan Yulin 2002 dubban mutanen New York suka taru a wani zauren sauraron ra'ayi, suka yi watsi da zane shida na farko na sake gina wurin, hukuma ta koma ta sake gasa. A Fabrairun 2003 aka zaɓi tsarin mai zanen gine-gine Daniel Libeskind. Daga nan ƙofa ta fara rufewa, kuma hayaniyar masu son tagwaye ta 2005 ta zo bayan an riga an aza dutsen harsashin sabon benen a 2004. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku sa mutum guda wanda aikinsa kawai bin labarin ranar da za a zauna kan zane, da ranar da za a ba da kwangila.

Sai maganar injiniya. Bangon da ya ga wuta yana iya tsayawa kamar lafiya ƙalau alhali ya mutu. Kankare na fara rauni daga zafin digiri 300, sau da yawa launinsa kan koma ja-ja, ƙarfe kuma yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 600. Injiniya ya huda ginshiƙai ya ɗebi samfuri a gwada a ɗakin gwaji kafin kowa ya ce a ɗora a kan tsohon harsashi. A ginshiƙi da dakali na sama, abin da aka saba shi ne siminti kilo 350 a kowace mita kubik, wato buhu 7. In ɗan kwangila ya rage zuwa 5, tsagewa za ta biyo baya. Ku nemi a sa ƙofofin fita da yawa, da hanyar motar ƴan kwana-kwana, da wayoyin lantarki cikin bututu. A New York ma sai da aka sake zanen sabon benen a 2005 saboda ƴan sanda sun ce ya yi kusa da babban titi.

Gudummawar jama'a ba za ta gina bene ba, kuma kada a yi wa mutane alkawarin haka. Amfaninta biyan injiniya, da zane, da lauya, da buga takardu. Asusun banki ya zama sai da sa hannun mutum biyu cikin uku ake cire kuɗi, kowace jaka da ta shigo a ba da rasit mai lamba, ƴan uwa na Kano da Kwatano da Abidjan su aiko kai tsaye cikin asusun ba ta hannun wani ba. Ƙarshen kowane wata ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban taro, a manna kwafi a ƙofar mai unguwa.