Garin gyaran gira: kurakuran rage kuɗin asibitin soja a Amurka

Tsarin kula da lafiyar sojojin Amurka, wanda ake kira TRICARE, yana ɗauke da mutum sama da miliyan 9, sojoji da iyalansu da 'yan fansho, kuma abin da harkar ke ci a shekara ya haura dala biliyan 50. An daɗe ana neman rage wannan kuɗi, an kuma sha yin tuntuɓe a hanya.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne fara yanka daga kan ma'aikata. A 2019 ma'aikatar tsaro ta tsara soke guraben likitoci da ma'aikatan jinya masu kaki kusan 18,000, a riƙa tura iyalai asibitocin farar hula. A takarda lissafin ya yi kyau. Sai dai kuɗin da asibitin waje zai caja daga aljihu ɗaya yake fitowa, ga asibitin bariki nan ana biyan wutarsa da gadinsa ko da gadaje babu kowa. Akwai kuma asarar da akanta ba ya gani: likitan tiyata da ya yi watanni bai riƙe wuƙa ba, hannunsa yana yin sanyi, kuma shi za a miƙa wa sojan da harsashi ya fasa wa ciki a fagen daga. A Disamba 2023 ma'aikatar da kanta ta ba da umarnin a jawo marasa lafiya su dawo asibitocin soja. Don haka kafin a soke gurbi ko ɗaya, a fara lissafa abin da za a biya a waje, a kuma duba tiyata nawa ce za ta rage wa likitocin gida.

Wani wurin da kuɗi ya zurare shi ne biyan takardar magani kafin a duba ta. Magungunan da ake haɗawa a kantin magani, galibi man shafawa na ciwon jiki da na tabo, sun ci dala miliyan 23 a 2010. Zuwa 2015 sun wuce biliyan ɗaya da rabi. 'Yan talla ne ke bin sojoji suna karɓar bayanansu, likita ya sa hannu bai ko ga mara lafiya ba, kwalba ɗaya a caji dubban daloli. Da aka fara tantance kowace takarda kafin biya a watan Mayun 2015, kuɗin ya faɗo warwas. Tantancewar nan da an sa ta tun farko.

Sai batun kwamfuta. Ma'aikatar tsaro da ta tsofaffin sojoji sun kashe kusan dala biliyan ɗaya kan manhajar haɗa bayanan marasa lafiya, suka watsar da ita a 2013. Duk mai shirin sayen irin wannan, ya gwada ta a asibiti ɗaya ko biyu tukuna, ya tambayi nas ɗin da ke aikin dare minti nawa take ɗauka kafin ta buɗe fayil ɗin mara lafiya.