Kurakuran da masu shirya reslin ke ta maimaitawa wajen fito da sabon ɗan wasa

Wasu samarinmu a nan Jos sun farfaɗo da wasan reslin. 'Yan ɗaga ƙarfe ne galibi, daga Rikkos, Gangare, Unguwar Rogo har Bukuru, sukan haɗa kuɗi su kafa dandamali da katako da katifa da igiya, su tara jama'a da Sallah, sannan su zuba bidiyon a TikTok. Da yake sun san na yi harkar nan zamanin da nake riƙe da gidan kallo, sukan turo min in duba. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowa, don haka ga ta a rubuce. Abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, wanda ya ga bai yi masa ba ya bi tasa hanyar.

Kowa ya san reslin shiri ne, tun kafin a hau an san wanda zai kayar. To me mutum ya biya kuɗin ƙofa ya zo gani? Labari. Ya zo ne ya ga wanda yake so ya sha wuya sannan ya rama, ya ga wanda ya tsana ya kwashi kashinsa a hannu. In ba ka sa ya so wani ya tsani wani ba, ko sau ɗari yaranka suka yi tsalle daga saman igiya, motsa jiki kawai suka yi.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin kuɗi, shi ne ɗora wa jama'a sabon yaro dole. Ka samu yaro mai ƙirji, dogo, kyakkyawa, sai zumuɗi ya kwashe ka. Ranar farko ka sa hotonsa a tsakiyar fasta, ka sa mai sanarwa ya yi ta kiransa zaki, ka sa ya kayar da wanda unguwa ta shekara tana yi wa tafi, ka ɗaura masa bel. Kai a ganinka ka yi tauraro. Su kuwa 'yan kallo abin da suka gani shi ne ɗan lelen mai gida.

Wannan ya taɓa cinye min jari. Akwai wani yaro da muka samo a wurin ɗaga ƙarfe wajen Farin Gada, Allah ya yi masa jiki, in ya tsaya sai ka ɗaga kai. Abokin harkata ya dage a ba shi kambu a wasansa na farko, ni ma ban yi gardamar kirki ba don na hango cikar fili. Wanda aka sa ya kayar kuwa wani gajere ne mai barkwanci da yara ke bi har gida suna kiran sunansa. Da alƙali ya buga ƙasa sau uku, maimakon sowa sai wurin ya yi tsit, can sai ihu, sai ledar ruwa ta fara sauka a kan dandamali. Yaron bai taɓa jin an yi masa ihu ba a rayuwarsa, ya tsaya riƙe da bel yana raba ido. Wasan da ya biyo baya kujerun haya suka fi mutane yawa, mai janareto da mai lasifika kuwa ba ruwansu da labarinka, kuɗinsu suke jira. Yaron ya bar harkar gaba ɗaya, kuma har gobe ina cewa da an bi da shi a hankali da ya yi nisa.

Kada ku ɗauka mu ƙanana ne kawai ke faɗawa wannan ramin. A Nuwamban 1996 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya fito da wani saurayi mai suna Rocky Maivia. Ubansa Rocky Johnson ɗan wasa ne, kakansa Peter Maivia ma haka, sai aka yi ta tallarsa yana murmushi, aka ba shi bel ɗin Intercontinental a Fabrairun 1997, wata uku kacal da fitowarsa. Jama'a suka juya masa baya, har suna rera masa fatan mutuwa a fili. Sai da aka mai da shi bos a watan Agustan shekarar, aka bar shi ya zazzaga wa 'yan kallon rashin mutunci da bakinsa, sannan aka samu The Rock da duniya ta sani. Kuma kamfanin bai ɗauki darasi ba. A 2015 Roman Reigns ya ci gasar Royal Rumble a Philadelphia, aka yi masa ihu, The Rock da kansa ya fito ya ɗaga hannunsa, aka haɗa da shi aka yi wa ihun. Shekara biyar suna tura shi a matsayin jarumi jama'a na tofarwa, sai a 2020 da ya koma mugu tare da manajansa Paul Heyman abin ya kama, ya riƙe kambu kwana 1,316. Su suna da kuɗin da za su yi shekara biyar suna gyara kuskure. Kai da ka ranto kuɗin katako, mako nawa gare ka?

Maganin yana gidan dambe, ba sai an je Amurka ba. Duk wanda ya taɓa zama a gidan damben Dei-Dei a Abuja ya ga tsarin: yara ke buɗe fili, manya sai can an kusa tashi. Sabon ɗan dambe yana shigowa ne a bayan ubangidansa, a ɓangarensa, ko Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, yana sa zare da sa'anninsa, har ranar da zai yi kisan da zai sa 'yan kallo su tambayi sunansa da kansu. Dambe ba shiri ba ne, amma tsanin da ake hawa ɗaya ne. Ni abin da nake yi tun daga wancan lokaci, sabon yaro wasa na biyu nake sa shi, gajere, da wanda ya iya faɗuwa ya kuma iya rufa masa asiri in ya rikice. Ba na kallon dandamali a lokacin, bayan fili nake komawa kusa da masu sayar da rake da gyaɗa, in ji abin da ake cewa. In na ji wani ya ce "wai wane ne wancan yaron?", to an fara. In na ji ana hirar ƙwallo, da saura.

Ba dole ba ne ma ya ci wasan farko. John Cena a Yunin 2002 ya fito ya tari Kurt Angle, aka kayar da shi, amma ya ba shi wuya har mutane suka riƙe fuskarsa. Ɗan ƙasarmu Oba Femi, wanda ya tashi a Legas ya yi jifan dalma a jami'a a Amurka, sai da ya bi ta makarantar horon WWE da ke Orlando da ƙaramin rukuninsu na NXT, ya ci gasar sababbi, ya ɗauki ƙaramin bel a farkon 2024, sannan babban bel na NXT a farkon 2025. Mai irin wannan jikin ma an sa shi ya bi layi.

Wani abin da ba ku yi shi ne share wa baƙo hanya kafin ya iso. Kane bai faɗo daga sama ba. Watanni Paul Bearer, tsohon manajan Undertaker, ya yi a 1997 yana yi wa Undertaker barazana da wani ƙaninsa da aka ɗauka ya mutu a gobara, sai a watan Oktoba ƙanin, wato Kane, ya bayyana ya fizge ƙofar keji. Undertaker ya ƙi dukan ɗan'uwansa, aka ja rai har WrestleMania, babban wasan shekara na kamfanin, a Maris 1998. Ku da kuke da waya a hannu, me zai hana ku saki gajeren bidiyo mako uku kafin wasa, a ga bayansa kawai, ko a ji muryarsa yana kiran sunan wanda ya zo nema? Kyauta ne fa.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. A gwada kaya da ƙofar shigowa kafin jama'a su taru: a 1993 WCW, kishiyar WWF a lokacin, ta fito da wani Shockmaster, ya fasa bango zai shigo ya yi tuntuɓe ya kife, hular ƙarfensa ta gangara, kai tsaye a talabijin, shi ke nan an gama da shi. Wanda bai iya magana ba kada a miƙa masa makirfo, a nema masa mai yi masa kirari, aikin da Paul Heyman ya yi wa Brock Lesnar ke nan. A daina sa wa yara Undertaker na Dilimi da Roman na Bauchi Road, a ba su sunan da za a iya yi wa take da kalangu. 'Yan wasa goma ba sa bukatar bel huɗu, ɗaya ya isa. Jarumi da bos kada a gan su daren wasa a teburin mai shayi ɗaya a Terminus ana ɗora hoto a Facebook. Kuma yaron da bai koyi faɗuwa ba kada ya hau, wuya ba ta da safaya.

Yanzu bari in yi faɗa, don wannan ba na dariya ba ne. Na ga bidiyon da aka sa wa bos shigar wata ƙabila, aka sa shi yana kwaikwayon harshensu, jarumi kuma ya fito da shigar tasa. Haba ƙannena! A Jos? Garin da ya ga 2001, ya ga 2008, ya ga 2010, garin da har yau akwai unguwar da wani ba ya shiga in rana ta faɗi? Wanda ya shirya wannan ko dai yaro ne da bai san abin da iyayensa suka gani ba, ko kuma ba ya ƙaunar garin. Na san dalilin, ihu yana zuwa da sauri, ba sai ka wahala wajen tsara labari ba. To ihun da ka tayar da ƙabila ko addini ba ya tsayawa a bakin ƙofar fili, yana bin mutane har titi, kuma ba kai za ka kashe shi ba. WWE da girmanta ta ƙone hannu a nan. Sun ƙirƙiri wani Muhammad Hassan, wai Balaraben Amurka, alhali mai wasan jinin Italiya ne. A ranar 7 ga Yulin 2005 aka nuna shirin da wasu masu rufe fuska suka far wa Undertaker a madadinsa, ranar da bama-bamai suka tashi a Landan. Tashar da ke nuna shirin ta ce ba ta sake son ganinsa, kafin wata ya ƙare an shafe shi. Can tasha ce ta yi fushi. Nan abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin tasha.

In kana neman abin da zai sa a tsani bos, rayuwa cike take da shi. Yaron da ya ci amanar ubangidan da ya koya masa wasa. Mai kuɗin da ke sayen alƙali. Wanda ya ci bashi ya hana, yana kuma taƙama. Wanda in an taru sai cika baki, in an hau sai ya gudu ya ɓuya bayan yaransa. Babu wanda zai tambayi addinin maci amana kafin ya yi masa ihu, mutumin Nasarawa Gwong da na Tudun Wada za su zauna benci ɗaya suna zaginsa.

Sai kuskuren da ke zuwa a ƙarshen labari, wato hana jama'a abin da ka yi musu alkawari. Ka yi wata uku kana nuna bos yana zalunci, jama'a sun ƙagu, ranar babban wasa fili ya cika, sai wayo ya kama ka, ka ce bari in ba su mamaki, ko kuma bari in ja abin zuwa wata Sallar don a sake cika. Sai ka sa wani ya shigo da kujera a tashi babu wanda ya ci. Mutumin da ya biya kuɗin Keke daga Bukuru ya zauna cikin sanyin Disamba ba mamaki ya zo nema ba, bashi ya zo karɓa. WCW ta gina Goldberg tun daga Satumban 1997, yana shigowa ba magana, ya gama da mutum cikin 'yan mintuna, suna ƙirga masa har suka ce 173 ba faɗuwa. A Disamban 1998 suka sa Kevin Nash ya kayar da shi bayan Scott Hall ya ɗana masa sandar lantarki. Da an tsaya nan aka bar Goldberg ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ramawa, da labari ne mai kyau. Ina! Ranar 4 ga Janairun 1999 Hulk Hogan ya taɓa ƙirjin Nash da yatsa ɗaya, Nash ya zube da gangan, Hogan ya karɓi bel suna dariya. Ba wannan kaɗai ya kashe kamfanin ba, amma daga nan mutane suka fara daina yarda da alkawarinsa, zuwa Maris 2001 abokin gabarsa Vince McMahon ya saye shi.

Ni kafin in fara kowane labari, wasan ƙarshe nake fara rubutawa a bayan littafin lissafi: wa zai ci, da wane kamu, a wace rana. Daga nan nake dawowa baya ina cike makonnin, kowane mako bos ya ƙara laifi ɗaya, jarumi ya kusa kama shi ya kuɓuce. Sau biyu ake kuɓucewa, na uku a kama. Abu ɗaya ne ke sa in yage takardar, shi ne in jama'a suka zaɓi wani nasu daban, kamar yadda 'yan kallon WWE suka nace a kan Daniel Bryan har aka canza tsari ya ɗauki kambu a WrestleMania ta 2014. In na ga haka a filina, gajeren nan mai barkwanci ne ko siriri ne da ban taɓa sa shi a lissafi ba, ranar Sallar shi zan ɗaura wa bel, dogon kuma ya jira zagaye na gaba.