Kurakuran da aka fi yi wajen hasashen biyar ɗin farko da rabon tsaro a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Da an shiga Oktoba, samarin da suka fara bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka sai su dinga turo mini sunaye biyar biyar, wai ga waɗanda koci zai fara da su idan an buɗe kaka a farkon Nuwamba. Kowace shekara kuma hanya ɗaya ake bi. A ɗauko lissafin bara, a duba waɗanda suka fi zura maki, a jera biyar ɗin sama, a ce aiki ya ƙare. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa na haɗa abin a wuri guda.

Na san inda matsalar ta samo asali. Wasan da ake farawa ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a Kano da Maraɗi ƙarfe 1 na dare ne a lokacin sanyi. Yawancinmu barci muke yi, da safe mu kalli gajeren bidiyo na minti uku. Shi kuwa wannan bidiyon masu danna ƙwallo a kwando da masu jifan maki uku yake nunawa. Yaron da ya kwashe minti 30 yana hana gwanin abokan hamayya ko taɓa ƙwallo, ba za ka gan shi ba ko sau ɗaya.

To koci ba da idon mai kallon bidiyo yake zaɓe ba. Mutum biyu ko uku, maki ne ke ba su gurbi, wannan gaskiya ne. Amma na huɗu da na biyar, tambayar da ake yi a kansu ita ce wa za su iya riƙewa. Wanda bai gane wannan ba, ya koma ya duba abin da ya faru da Virginia a 2018. Sun shiga gasar watan Maris, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i, da nasara 31 da rashin nasara 2, su ne na ɗaya a duk ƙasar, kuma tsaronsu ya fi na kowa: maki 53 da ɗoriya kawai ake zura musu a wasa. Ana gab da fara gasar aka sanar cewa De'Andre Hunter ya karye a wuyan hannu. Masu lissafin maki suka ɗaga kafaɗa, ai ɗan benci ne, bai fara wasa ko ɗaya ba a kakar. Abin da ba su lura da shi ba, Hunter ne kaɗai a ƙungiyar yake da tsayin riƙe manya da saurin bin ƙanana. Idan abokan hamayya suka cika fili da gajeru masu gudu, shi kocinsu Tony Bennett ke sakawa a gurbi na huɗu ya fitar da dogo ɗaya. Sai ga UMBC, wata jami'a a Baltimore, ƙungiya ta 16 wato ta ƙarshe a jerin yankinsu, ta zo da irin wannan salon sak. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21. A zagaye na biyu kaɗai UMBC ta zura maki 53, abin da Virginia ke bari a wasa sukutum. Jairus Lyles na UMBC ya ci 28, aka tashi 74 da 54. Kafin wannan daren, ta 16 ba ta taɓa doke ta 1 ba a gasar maza.

Shekara na zagayowa, Hunter ya warke, ya shiga biyar ɗin farko. A wasan ƙarshe na 2019 shi aka ɗora wa Jarrett Culver, gwanin Texas Tech, wanda ya yi jifa 22 biyar kawai suka shiga. Virginia ta ɗauki kofi 85 da 77 bayan ƙarin lokaci. A wannan ƙungiyar akwai Kihei Clark, sabon shiga mai tsayin ƙafa 5 da inci 9, wanda babu mai lissafin maki da zai sa shi a jeri, amma Bennett ya riƙa farawa da shi saboda yana manne wa mai raba ƙwallo tun daga tsakiyar fili.

Abin da ni nake yi, kafin in rubuta sunan kowa, sai in zana gurabe uku a takarda: gajere mai sauri da ke raba ƙwallo, ɗan gefe mai tsayin ƙafa 6 da rabi da ke cin maki, da ƙaton da ke zama ƙarƙashin kwando. Kowace ƙungiya mai ƙarfi tana da aƙalla biyu cikin ukun nan. Sai in sa sunan wanda zai riƙe kowanne. Idan na ƙare jerina aka samu gurbin da babu mai riƙe shi, jerin nan ƙarya ne, komai kyawunsa a ido. Sai in cire wanda ya fi rauni a tsaro, ko da shi ne na uku a maki.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin ya taɓa jawo mini dariya a majalisa har tsawon kaka guda: a ce "huɗu daga cikin biyar na bara sun dawo, saboda haka an gama magana." Malam, ba a gama komai ba. North Carolina ta je wasan ƙarshe a 2022, tana gaba da Kansas da maki 15 a hutun rabin lokaci, aka ƙwace 72 da 69. Sai Caleb Love, RJ Davis, Leaky Black da Armando Bacot duk suka dawo. Mutum ɗaya ne ya tafi, Brady Manek, aka kawo Pete Nance daga Northwestern a madadinsa. Kowa ya ce dogo ya fita, dogo ya shigo. Aka ba su lamba ɗaya a duk ƙasar kafin a buga ko wasa guda. Da Maris ta zo, suna da nasara 20 da rashin nasara 13, ko gasar ba a gayyace su ba. Tun da aka faɗaɗa gasar a 1985, ba a taɓa samun lamba ɗaya ta farkon kaka da ta rasa gurbi ba sai su.

Me ya faru? Manek yana cin kusan kashi 40 cikin 100 na jifansa na maki uku, kuma ba ya jinkirin saki. Dole mai tsaronsa ya bi shi waje, wannan ne ke buɗe wa Bacot wuri a ƙarƙashin kwando, ya buɗe wa Love da Davis hanyar kutsawa. Da ya tafi, abokan hamayya suka tattaru a tsakiya suka ce bismillah, ku jefa daga nesa. Ƙungiyar ba ta ci ko kashi ɗaya bisa uku na jifan maki uku ba a kakar. Kuma an manta cewa ƙungiyar da ake yabo ta shiga gasar 2022 ne a matsayi na 8 a yankinta. Mako uku na Maris aka kalla, aka rufe ido a kan wata huɗu da suka gabace su. Idan mutum ɗaya ya tafi, kada ka tambayi maki nawa ya tafi da su. Tambayi wane aiki yake yi wa sauran huɗun wanda ba su iya yi wa kansu ba, sannan ka duba ko sabon zai iya wannan aikin takamaimai.

Yanzu bari in ɗan yi faɗa. Kai da ko sunan salon tsaron koci ba ka sani ba, da wane ido kake raba wa 'yan wasansa aiki? An taɓa kawo mini dogon bayani a kan wa zai riƙe wa a Syracuse zamanin Jim Boeheim. Mutumin da ya yi shekara 47 a kan kujera, aka san shi duniya da tsaron yanki, biyu a gaba uku a baya! A wurinsa babu wani "wa zai riƙe wa". Abin tambaya shi ne wa ke da dogon hannun rufe kusurwa, wa zai tsaya tsakiya. Da ya yi ritaya a 2023, magajinsa Adrian Autry ya koma kowa ya riƙe nasa, sai lissafin ya sauya gaba ɗaya ko da 'yan wasan ba su sauya ba. A Virginia zamanin Bennett, kafin ya yi ritaya a 2024, huɗun da ba sa kan mai ƙwallo ja da baya suke yi su toshe hanyar kwando, ba a son mai zarin fizgar ƙwallo. A Houston ta Kelvin Sampson kuwa, da an yi wa mai ƙwallo shinge, wato abokin wasansa ya tare hanyar mai tsaronsa, sai mutum biyu su far masa, saboda haka dogon da ba zai iya fita waje ya dawo da gudu ba, benci zai ɗumama ko nawa yake ci.

Maganar shingen nan ita ce zuciyar rabon tsaro a yau, kuma a nan ake gane wanda ya kalli wasa. Idan dogon abokan hamayya ya fito ya tare hanyar mai tsaronka, me naka dogon zai yi? Ko ya ja baya ya jira a bakin kwando, ko ya fito ya tare, ko su yi musaya. Zach Edey, mai ƙafa 7 da inci 4, lokacin da yake Purdue ja da baya yake yi, domin fitar da shi waje asara ce. Wannan na nufin dole ƙananan da ke gabansa su zama masu ratsa shinge da ƙarfin tsiya. A 2023, da sababbin shiga biyu a baya, Braden Smith da Fletcher Loyer, Fairleigh Dickinson wadda ta fi kowace ƙungiya gajarta ta fitar da su 63 da 58. Kocin Purdue Matt Painter bai je neman wani mai cin maki 20 ba. Lance Jones ya ɗauko daga Southern Illinois, mai sauri da naci a tsaro, ya sa shi a biyar ɗin farko, suka kai wasan ƙarshe a 2024. Duk wanda ya fahimci yadda Edey ke tsaro, tun ranar da aka sanar da zuwan Jones ya san zai fara.

Sai lissafin minti, wanda ko ɗan firamare zai iya amma ba a yi. Wasa minti 40 ne, zagaye biyu na minti 20, mutum biyar a fili. Minti 200 ke nan, babu ƙari. Ka tara abin da ka raba wa mutanenka, na rantse yawancinku za ku haura 240. Koci John Calipari ya gwada raba wa mutum goma a Kentucky a kakar 2014 zuwa 2015, biyar su fita biyar su shigo, har Karl-Anthony Towns bai wuce minti 21 da ɗan kai a wasa ba. Wannan ƙungiya ce ta daban. Yawancin koci-koci, kafin Maris sun rage zuwa mutum bakwai ko takwas.

Kuma a jami'a laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba kamar gasar ƙwararru ta NBA. Koci da yawa, da ɗan wasa ya yi laifi biyu a zagayen farko sai su zaunar da shi har hutu. Saboda haka dogo na biyu ba ado ba ne. UConn, wato jami'ar Connecticut, ta ɗauki kofin 2023 da Adama Sanogo ɗan Bamako a gaba, wanda ya buga gasar yana azumin Ramadan aka kuma zaɓe shi gwarzonta, amma duk lokacin da ya zauna Donovan Clingan mai ƙafa 7 da inci 2 ke shigowa, bakin kwando bai taɓa zama babu mai gadi ba. Ka rubuta sunan dogo na biyu kafin na ɗan gefe na uku.

Ƙananan kurakurai kuma ga su a gurguje. Yawan fizgar ƙwallo ko bugeta a sama ba shi ne iya tsaro ba, wani garin neman fizga yake barin mutuminsa. Ƙarancin makin da ake zura wa ƙungiya na iya zama saboda tana jan wasa a hankali, ka duba lissafin masanin ƙididdigar wasa Ken Pomeroy da ke auna maki a kan kowane hari. Tsayin da makaranta ta rubuta, sau da yawa da takalmi aka auna, tsawon hannu ya fi shi amfani. Kada ka yi hasashe a Afrilu, domin tun da aka sassauta dokar sauya makaranta a 2021 ƙungiya kan juye gaba ɗaya, kuma masu gwada sa'ar NBA suna da damar janyewa har wajen ƙarshen Mayu. Wasan sada zumunta na Agusta da Oktoba, koci gwaji yake yi. Sabon shiga mai taurari biyar, wato daraja mafi girma da masu tantance 'yan sakandare ke bayarwa, taurarin nan ba sa koya masa inda zai tsaya idan ƙwallo na ɗaya gefen.

Na ƙarshe, ana ta rigima a kan wa zai fara, alhali wanda zai ƙare wasa ya fi muhimmanci. Udoka Azubuike ɗan Legas, a Kansas, kusan duk abin da ya jefa a bakin kwando shiga yake yi, amma jifansa na kyauta, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa laifi, abin da ke shiga bai kai rabi ba. A Janairun 2018 Oklahoma ta riƙa yi masa laifi da gangan a mintunan ƙarshe, yana zubarwa, Kansas ta faɗi 85 da 80, kocinsu Bill Self da kansa ya ɗauki laifin barinsa a fili. A ɗaya gefen, Donte DiVincenzo daga benci yake tasowa a Villanova, amma shi ya ci 31 a wasan ƙarshe na 2018 da Michigan. Shi ya sa ni jeri biyu nake rubutawa a takarda ɗaya. Na sama, biyar ɗin da za su fito a jefa ƙwallon farko. Na ƙasa, biyar ɗin da za su kasance a fili saura minti huɗu ana tazarar maki uku, kuma a gaban kowane suna ina rubuta kason jifansa na kyauta da wanda zai riƙe idan aka yi musaya.