Kafin ku zuba wa kifin ado ruwan famfo

Jama'a, ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kilorin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Shi ne ke ƙona wurin numfashin kifi, har ku gan shi a saman ruwa yana haki, sannan ya kashe bakteriya masu amfani da ke cikin matatar ruwan kifin (filta).

Duk mako ku canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, kada ku juye shi duka. Ku tari sabon ruwan a bokitin da bai taɓa ganin sabulu ko omo ba, ku sa maganin cire kilorin, ku gauraya, sannan ku zuba a hankali. Idan Seachem Prime ne, mililita 5 na isar lita 200, wato rabin mililita ga bokitin lita 20. Sirinji ya fi murfin kwalba auna wannan daidai.

Barin ruwa a buɗe na awa 24 zuwa 48 yana fitar da kilorin, amma ba ya fitar da kiloramin, wato haɗin kilorin da amoniya da ake sawa a ruwan famfo a wasu wurare. Wannan sai magani, kuma wanda ke ɗaure amoniya, domin kiloramin in ya karye amoniya yake saki, wadda guba ce ga kifi.

Ku kula da ɗumi. Ruwan tankin sama da tsakar ranar bazara yana da zafi ƙwarai, da asubar hunturu kuwa sanyi ƙalau. Bambancin ɗumin sabon ruwan da na ruwan da kifin ke ciki kada ya wuce digiri 2.

Soson matatar ruwan kuma a tsohon ruwan da kuka kwashe za ku wanke shi, ba a bakin famfo ba.