Kafin ka manna wa motarka ledar kariya

Farar Corolla ce, ƙirar 2014, 'yar Kwatano. Wata uku da fara hawanta ina zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya, sai na ga gaban bonet ya yi zanzana, duk aikin tsakuwar da tifofi ke watsowa. Abin ya ci min rai, na je wani shago aka manna min leda mafi arha da na samu. Bazara ɗaya da damina ɗaya ta yi, ta koma ruwan ƙwai a jikin farar mota, bakinta ya tara ƙura ya zama baƙin layi. Ranar da muka zo ɓarewa ta riƙa yagewa gutsi-gutsi, gam ya zauna daram, a ƙofar direba kuma ta taho da fenti. Abin da zan faɗa maka, da kuɗina na saye shi.

Ka fara da tambayar mai shago: da me aka yi ledar nan? Kada ka yarda da amsar "orijina ce, Alhaji". Wadda kake nema ita ce ake kira PPF, wato ledar kare fenti, kuma ta ƙwarai da sinadarin TPU ake yin ta, wata irin roba mai laushi da ke miƙewa ta koma. Asalinta ma ba don mota aka yi ta ba. Kamfanin 3M ne ya ƙera wa sojojin Amurka ita lokacin yaƙin Biyetnam, don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa. Abin da ya jure wannan, tsakuwar titi ba za ta gagare shi ba. Masu arha kuwa da PVC ake yin su, dangin ledar sitika, sai wata ta tsaka-tsaki da ake kira TPH. A nadi duk kamarsu ɗaya, garau kamar ruwa. Ranar watan Afrilu ce ke raba su, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a kan bonet. PVC takan bushe, ta canza launi, ta tsattsage. Tawa ita ce.

Ga yadda nake gwadawa yanzu. Ina cewa a yanko min ƙyalle kamar faɗin tafin hannu. In ja shi da yatsu: TPU na biyo hannu ta dawo a hankali, mai arha kuwa tana da tauri, inda aka ja yakan yi fari-fari ya tsaya a haka. Sai in manna shi a kan wani baƙin abu mai sheƙi, in goga masa burushin waya a hankali har ya yi zane-zane, in ce a kawo ruwan zafi daga wurin mai shayi. In ta ƙwarai ce, kana zuba ruwan kana kallon zanen na ɓacewa, don samanta na da wani shafi da zafi ke sa ya haɗe. Karon farko da na ga haka sai da na sake gogawa na sake zubawa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama.

Ka nemi ganin kwalin nadin da sunan kamfani a jiki. Sanannu su ne 3M da XPEL da SunTek da STEK da LLumar, kuma manyan samfuransu garantin shekara 10 suke ɗauke da shi. Sai dai garanti na aiki ne in ta hannun dilan da kamfani ya amince da shi aka manna, kuma suna a kwali ba ya hana jabu, shi ya sa ba na barin gwajin ruwan zafi. Kauri kuma, wadda aka saba sa wa jikin mota maikiron 200 ce ko kusa da haka, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. A kwali wannan kaurin ne za ka ga an rubuta shi 8 mil ko 7.5 mil.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, don nan ne mu masu hawa motocin Kwatano muke faɗawa. Leda ba ta gyara fenti, rufe shi take yi yadda ta same shi. Kuma yawancin motocin da ake shigo mana da su an taɓa yi wa wani sashe nasu feshi, ko can ko nan. Fentin kamfani gasa shi ake yi, yana riƙe da ƙarfe sosai. Na mai feshi in bai kama da kyau ba, ranar da aka zo cire leda tare za su fito, kamar yadda ƙofata ta yi. Ka kai motar wurin wanda ke da na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 ne da 150. In wata ƙofa ta nuna ninki biyu ko uku, an taɓa ta. In babu na'ura, ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar: inda ya ƙi kamawa sosai alhali ƙarfe ne, akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin feshi. In kuma sabon feshi ka yi, ka bar shi ya sha iska aƙalla wata ɗaya, biyu ma ya fi.

Ni ban ga dalilin naɗe mota gaba ɗaya ba, sai in sabuwa ce dal kuma aljihu na da nauyi. Gaba ne ke shan duka: bamba, bonet, fenda biyu, bayan madubai, fitilu. Bonet ɗin a rufe shi duka, don rabin rufi na barin layi a tsakiya, ƙurar hunturu kuma ba ta ƙyale layi. Ka ƙara da ramin hannun ƙofa inda farce da makulli ke karcewa, da saman bambar baya inda ake jan buhu da akwati. Amma kada ka sa rai za ta tare maka gugar adaidaita sahu mai ƙarfi. Ƙaramar karta take ɗauka.

A ciki, wuri mai santsi kaɗai take kamawa: baƙar robar nan mai ƙyalli ta kusa da giya, wadda ko da tsumma ka goge sai ta yi zane, da dokin ƙofa inda takalman yara ke takawa. Allon rediyo na fi son a sa masa wadda ba ta sheƙi, don rana ba ta kashe ido kuma shatin yatsa ba ya fitowa sosai. Fata da dashbod mai kaushi, bar su, ba za ta zauna ba. Kada a manna komai a kan murfin jakar iska, a sitiyari ko a gaban fasinja.

Sai hannun mai aikin. Ka duba inda zai yi: in a bakin titi ne ƙarƙashin darbejiya, fasa. Da ruwan sabulu ake manna ta a matse, ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ta zauna ke nan. Ka ce ya nuna maka motar da ya yi wa bara, ka tsuguna ka kalli bakin ledar, ka ga ko ya lanƙwasa shi ciki. Ka tambaye shi ina zai yanka. Na ga reza ta bar layi a fentin wani abokina daga wannan gefen bonet zuwa wancan, bai sani ba sai bayan shekara biyu.

Bayan an gama za ka ga ƙananan kumfar ruwa, kada ka soke su, rana za ta busar da su cikin mako ɗaya ko biyu. Ka yi mako guda ba wanki. Daga nan ka riƙa gaya wa yaran wankin mota kada su saita injin feshi a bakin ledar, kashin tsuntsu kuma ka share shi a ranar da ya faɗo.